Hazo da Jinya: Tsokaci a kan Ƙarfi da Raunin Wasan Silent Hill 2

A wajajen shekarar 2006, a wani shagon wasan gem da ke bayan kasuwa a Zariya, akwai wani faifai da ba kasafai ake taɓa shi ba. Yara sun fi son ƙwallon ƙafa da dambe, domin mutum biyu ke karawa a cikinsu, wanda aka ci kuma shi ke biyan mai shago. Wancan faifai kuwa mutum ɗaya ke yin sa, ba a cin kowa, kuma rabin lokacin da aka saya a yawo cikin hazo yake ƙarewa. Wani yaro ɗan shekara 15 ne ya liƙe masa. Turancinsa bai kai ya fahimci abin da mutanen cikin wasan ke faɗi ba. Iyakar saninsa shi ne akwai wani Bature da ya shiga wani gari yana neman matarsa, da wata 'yar rediyo a aljihunsa wadda ke fara kuka duk sa'ad da wani mugun abu ya kusato. Shagon ba shi da katin ajiye wasa, saboda haka kullum daga farko yake somawa, kuma kafin ya yi nisa ko dai kuɗinsa sun ƙare ko an ɗauke wuta. Bai taɓa sanin ƙarshen labarin ba.

Sunan wasan Silent Hill 2. Yaron ya girma, ya zama malamin makarantar sakandare, bai kuma sake waiwayar wasan ba sai bayan shekara 17, watanni kaɗan da rasuwar mahaifinsa, wanda ya yi jinya fiye da shekara biyu. A wannan karo ya kai ƙarshe, ya kuma gane cewa halittun da suka firgita shi yana yaro su ne mafi sauƙin abin da ke cikin wasan. Wannan maƙala za ta bi sawun malamin ne domin auna abin da wasan ya iya da abin da ya gaza.

Asalin wasan

Silent Hill 2 yana cikin rukunin wasannin bidiyo na ban tsoro da neman tsira, rukunin da wasan Resident Evil na kamfanin Capcom ya fito da sunansa a 1996. Ƙa'idar rukunin ita ce a ba ɗan wasa tauraro rarrauna, a ƙaranta masa harsashi da magani, a kulle masa ƙofofi, sannan a bar shi ya nemi mafita. A 1999 kamfanin Konami na Japan ya fitar da Silent Hill na farko a kan na'urar PlayStation. Labarin wani uba ne, Harry Mason, da ke neman 'yarsa a wani ƙagaggen gari na Amurka wanda wata ƙungiyar asiri ta lalata. Hazon da ya lulluɓe garin ya samo asali ne daga gazawar na'ura, domin ba ta iya zana abin da ke nesa ba. Masu wasan suka rufe nesan da hazo, sai dole ta zama salo.

Mai karatun littattafan Hausa na zamani ya san abin da ake nufi da kashi na biyu: a katse labari a daidai inda ya ɗauki zafi, a ce a nemi ci gaba. Masu wasannin bidiyo ma haka suka saba, tare da ƙarin girma. Resident Evil 2 na 1998 ya fitar da labari daga gida guda zuwa birni, ya kawo sababbin taurari biyu da ƙarin makamai. Silent Hill 2, wanda ya fito a watan Satumba na 2001 a kan PlayStation 2 bisa jagorancin Masashi Tsuboyama, ya ƙi bin wannan hanya. Ya ajiye Harry, ya ajiye ƙungiyar asirin, ya riƙe abu uku kacal: garin, da hazon, da rediyon. Ci gaban labarin farko sai a kashi na uku aka yi shi, a 2003.

Sabon tauraron shi ne James Sunderland, wanda ya sami wasiƙa daga matarsa Mary tana kiran sa zuwa garin, alhali a saninsa ta rasu shekara uku da suka wuce bayan doguwar rashin lafiya. A cikin garin ya haɗu da wata mace mai suna Maria, wadda kamanninta da muryarta na Mary ne sak, da wata budurwa Angela, da wani saurayi Eddie, da wata yarinya 'yar shekara 8 mai suna Laura. Ba za a iya tarken wasan ba tare da fallasa ƙarshensa ba. A wani otal da ke bakin tafki James ya kalli wani kaset ɗin bidiyo, ya tuna abin da ya ɓoye wa kansa: ba ciwon ne ya kashe Mary ba, shi ya danne ta da matashin kai.

Daren da bai faɗa wa kowa ba

Mahaifin malamin ya kwanta ne sakamakon shanyewar ɓarin jiki. Da rana 'yan uwa mata ke kula da shi, da dare kuwa malamin ne, kasancewar shi ne namiji babba a gidan. Shi ke juya shi don kada kwanciya ta ci masa baya, shi ke kai shi bayan gida, shi ke sauya shimfiɗa, da asuba kuma ya yi wanka ya tafi aji. Ciwo ya sauya halin tsohon. Mutumin da aka sani da sanyin magana ya koma mai saurin fushi, wata rana har ya kaɗe kofin kunu daga hannun ɗansa. Wani dare, bayan ya sauya shimfiɗa karo na uku, malamin ya tsaya a kan tsohon yana sauraren numfashinsa, sai ya ji zuciyarsa ta yi fatan a ce numfashin ya tsaya kowa ya huta. Tunanin bai wuce ƙiftawar ido ba. Tsohon ya buɗe ido ya dube shi.

"Ka gaji, ko?"

"A'a, Baba."

"Allah ya yi maka albarka."

Bayan rasuwar, masu ta'aziyya suka yi ta yaba masa, ana cewa ya cika ɗa, ya rabu da mahaifinsa lafiya. Kowane yabo sai ya mayar da shi wancan dare. Bai aikata komai ba, ya kuma san haka, amma ya rasa inda zai ajiye abin da ya ji. Da wannan nauyi ya zauna gaban wasan a karo na biyu.

Inda wasan ya yi ƙarfi

Ƙarfin farko yana cikin yadda aka ƙera dodannin. Masahiro Ito, wanda ya zana su, bai yi su don ƙyama kawai ba; kowannensu ɓangare ne na abin da James ya binne. Akwai wata halitta marar hannuwa, an naɗe ta cikin fatarta, tana mutsu-mutsu kamar majinyacin da ya kasa juya kansa. Akwai ma'aikatan jinya mata masu kumburarrun fuskoki da matsattsun kaya, hoton idon mutumin da ya daɗe yana zaryar asibiti yana kallon abin da bai kamata ba. Sai babbansu, Pyramid Head, ƙato mai kwalkwalin ƙarfe da siffar dala, yana jan wata doguwar wuƙa a ƙasa: mai zartar da hukuncin da James ke jin ya cancanta. Hujjar cewa daga zuciya suke fitowa tana cikin wasan. Laura tana yawo a garin ba ta ganin ko ɗaya, ita kuwa Angela, wadda mahaifinta ya ci zarafinta, wuta take gani.

Manazarcin adabin baka zai ga bambanci a nan. Dodon tatsuniya a daji ko a ruwa yake zaune. Daga waje yake zuwa, ya haɗiye mutane, a ƙarshe jarumi ya kashe shi gari ya zauna lafiya. Bahaushe ya raba wa kowanne mazauninsa da ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Silent Hill 2 ya rushe wannan iyaka, ya mayar da abin kunyar gida ya zama abin tsoro. Shi ya sa harsashi ba ya kashe Pyramid Head. A karonsu na ƙarshe, bayan James ya amsa laifinsa, dodon ya bayyana su biyu, kuma su da kansu suka soke kansu da masunsu, domin aikinsu ya ƙare.

Ƙarfi na biyu shi ne amfani da lokaci da sauti. Wasan yana buɗewa da doguwar tafiya a ƙasa cikin daji, ba abokin gaba ko ɗaya, sai takun ƙafa da wani motsi a bayan hazo. Akira Yamaoka, wanda ya tsara sautin, ya san darajar shiru, har yakan bar ɗaki ba kiɗa ba motsi ɗan wasa ya riƙa tsorata kansa da kansa. Can gab da ƙarshe akwai wani dogon lungu da James ke ratsawa, inda ake jin muryar Mary daga kwanakin jinyarta. Ya kawo mata furanni, ta kore shi da zafin rai, yana fita kuma ta shiga roƙon ya dawo. Ba dodo a lungun, ba kuma abin da ya tilasta a tsaya. Ɗan wasa na iya rugawa ya wuce. Malamin bai iya wucewa ba. Ya ajiye abin sarrafa wasan a cinyarsa har muryar ta ƙare, domin ya san wannan fushi, ya san wannan roƙo, ya kuma san kofin kunun da ke tsakaninsu. Fim zai iya nuna irin wannan yanayi, amma ba zai iya bai wa mai kallo zaɓin tsayawa ko gudu ba.

Ƙarfi na uku shi ne yadda ake yanke ƙarshen labari. Wasan bai tambayar ɗan wasa wace ƙarewa yake so. A ɓoye yake lura da halinsa. Wanda ke kula da lafiyar James, yana yawan duba hoton Mary da wasiƙarta, zai ga James ya bar garin da rai tare da Laura. Wanda ya liƙe wa Maria zai ga ya tafi da ita, ita ma ta soma tari. Wanda ke barin James da rauni ba magani, yana yawan jujjuya wuƙar da Angela ta bar masa, zai ga ya tuƙa motarsa cikin tafki. Ta haka hukuncin ya tashi daga hannun marubuci ya koma kan ɗabi'ar mai riƙe da wasan.

Inda wasan ya yi rauni

A kan wannan ƙarfi na uku ne rauni na farko ya fito fili. Malamin ƙarewar tafki ya samu, alhali bai taɓa nufin halaka James ba. Shekara biyu na jinya sun koya masa tattalin magani: kada a buɗe sabon kwali sai tsohon ya ƙare, kada a sha yau abin da za a nema gobe. Haka ya yi a wasan, yana tafiya da rauni yana tara magunguna. Na'urar ta karanta tattalinsa a matsayin ƙin rai. Ma'aunin da ke ƙirga ayyuka ba ya ganin niyya, kuma wasan da ya ginu a kan niyya ya kamata ya san haka. Duk da haka malamin ya kwana yana tambayar kansa ko kuskuren na'urar cikakke ne.

Rauni na biyu shi ne faɗa. James ma'aikacin ofis ne, saboda haka an yi shi mai nauyin jiki, yana kai duka kamar mai saran itace. Masoya wasan sukan ce da gangan aka yi haka don a ji rashin ƙarfinsa. Maganar tana da gaskiya, amma ba ta rufe komai ba. Kyamara takan juya ta ɓoye abokin gaba a ƙaramin ɗaki, wanda wannan ba tsoro yake haifarwa ba, haushi yake kawowa. Mafi muni, a matsakaicin mataki wasan yana zubar da harsasai da magunguna a titi fiye da buƙata, dodannin kuma ba su da sauri, ana iya kewaye su a wuce. Kafin a kai rabi, neman tsiran da rukunin ya yi suna da shi ya zama suna kawai. Manyan karon ma tsarinsu ɗaya ne: a harba, a ruga lungu, a juyo a sake harbawa.

Rauni na uku shi ne wasu daga cikin matsalolin wasa ƙwaƙwalwa da aka shimfiɗa a hanya. An kyauta da aka bar ɗan wasa ya zaɓi tsananinsu dabam da tsananin faɗa, amma da yawansu ba su da alaƙa da jigo. A gidan hayan farko sai an jefa gwangwanayen lemo ta bututun shara kafin a sami wani tsabar kuɗi. A asibiti sai an ɗaura gashi a lanƙwasasshiyar allura an zaro mabuɗi daga magudanar ruwa. Mutumin da ke neman matarsa da ta rasu, a same shi yana wannan hidima, dole labarin ya huce. Ga kuma ɗimbin ƙofofin da makullansu suka lalace, waɗanda ake bi ɗaya bayan ɗaya ana taɓawa. Muryoyin 'yan wasan ma haka suke: a wasu wurare sanyinsu ya dace da yanayin mafarki, a wasu kuwa rashin gwaninta ne kawai, sai dai karatun wasiƙar Mary na ƙarshe da Monica Taylor Horgan ta yi ya fanshi da yawa daga ciki.

Rauni na huɗu ya fi waɗannan nauyi, domin ya shafi adalcin labarin. An kashe Mary, amma kusan duk abin da aka sani game da ita ta idon wanda ya kashe ta aka gan shi. Idan ta yi magana mai tsawo, to ko dai neman gafararsa take yi ko tana sallamar sa. Takayoshi Sato, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina labarin, ya bayyana cewa littafin marubucin Rasha Dostoyevsky a kan laifi da hukunci, na 1866, ya yi tasiri a kansu. To amma a can mai laifin ya miƙa kansa ga hukuma, aka kai shi Saiberiya. James ba shi da alƙali sai zuciyarsa, ba dangin Mary, ba maƙwabta, ba wanda zai nemi haƙƙinta. A ƙarewar da ake ɗauka mafi kyau, ya fita daga garin tare da yarinyar da ta fi kowa ƙaunar matar da ya kashe. Malamin ya ji tausayin James, sannan ya ji tsoron wannan tausayi. Tsakanin fatan da ya gilma a zuciya da hannun da ya ɗauki matashi akwai tazarar da ita ce dukkan bambanci, kuma wasan, saboda ƙwarewarsa wajen sa a ji abin da James ya ji, yakan sa tazarar ta yi kamar ƙarama.

Abin da gyara ya nuna

Tarihin wasan bayan fitowarsa ya ba da damar gwada wace gazawa ce ado, wace ce aibi. A 2012 an sake fitar da shi da hoto mai kaifi, sai hazon ya ragu a wasu wurare, gefunan da aka ɓoye suka bayyana, garin ya koma kamar dandamalin wasan kwaikwayo da rana tsaka. Wannan ya tabbatar da cewa hazon ginshiƙi ne. A watan Oktoba na 2024 kamfanin Bloober Team na ƙasar Poland ya sake gina wasan daga tushe, tare da sa hannun Ito da Yamaoka. An mayar da kyamara bayan kafaɗar James, an ba shi damar kauce wa duka, an gyara muryoyi. Labarin bai rushe ba, wanda ke nuna cewa nauyin faɗan da ake karewa bai zama dole ba. Sai dai tsawon wasan ya kusa ninkawa, faɗa ya yawaita, kuma shirun da ke barin mutum da tunaninsa ya ragu. Raunin da ya shafi Mary kuwa yana nan, domin a ƙashin labarin yake.

Malamin bai sake yin wasan don neman wata ƙarewa ba. Bayan kwana biyu ya je gidan yayarsa, wadda ta fi kowa zama da tsohon da rana. Suka gaisa, ta kawo masa ruwa, ya daɗe yana juya kofin a hannu.

"Yaya, akwai daren da na ji ina so abin ya ƙare."

Ta yi shiru har ya ɗauka ba za ta amsa ba.

"Kai da dare ke nan," ta ce. "Ni da rana."

Abin da James bai samu ba ke nan, kuma ba wasan ne ya bai wa malamin shi ba; wasan ya dai ba shi siffar da zai kalli abin har ya iya furta shi. Al'ummar da ke ɗaukar jinyar iyaye a matsayin lada da haƙuri tana da kalmomi masu yawa na yabon mai jinya, amma gajiyarsa ba ta cika samun mai ambato ba. Ya dace manazarta Hausa su binciki inda tatsuniya da waƙa da ƙagaggen labari da fim suke ajiye wannan gajiya, da kuma sunan da suke kiran ta da shi. Ya dace kuma su lura cewa yaran da suka cika shagunan gem shekara ashirin da suka wuce su ne masu jinyar iyaye a yau, kuma wasu daga cikin labaran da suke auna rayuwarsu da su daga waɗannan faifai suka fito.